An Hana Kodin, Sai 225 Ta Cika Aljihu

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, Adaidaita Sahu ta tsaya a ƙofar sashen gaggawa. Samari uku suka kinkimo na huɗu, jiki a sanƙame, kumfa a baki. "Malam, iska ce ta buge shi," in ji babbansu. Mai wannan rubutu, da ya daɗe yana aikin jinya a wani asibitin Kano, ya ji wannan magana har ya haddace. Bai ja da su ba. Ya laluba aljihun yaron, ya zaro katin ƙwaya an ɓalle uku, an rubuta 225 a jikinsa.

Tiramol maganin ciwo ne na gaske, amma mai miligiram 50 da 100 hukumar NAFDAC ta amince da su, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Guda biyu na 225 sun haura wannan iyaka. Abin da ke biyo baya shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, ko numfashi ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Da yawa daga waɗanda ake kawowa ba 'yan daba ba ne: ɗan dako ne, ɗan ga-ruwa, lebura, mai ƙwadago a gona, waɗanda suka fara sha don "ƙarfin aiki".

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 irin su tiramol suke sha, kuma ɗaya cikin huɗu na masu shaye-shayen mace ce.

A shekarar ce BBC ta fito da rahotonta kan kodin, gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. Indiya ma, inda akasarin tiramol ke fitowa ya sauka a tashoshin ruwan Legas, Kwatano da Lome, ta tsaurara dokar fitar da shi. Matakan sun dace, kwalaben sun ragu a kwatoci. Sai dai wanda jikinsa ya riga ya saba ba ya warkewa da sanarwar minista. Dillalai suka sauya kaya: suka kawo haɗin tapentadol da carisoprodol, wanda ya fi tiramol ƙarfi kuma babu ƙasar da ta yi masa rajista, a cikin kati mai kama da na da, da lambar 225 ɗin nan. Sai a Fabrairun 2025 Indiya ta haramta shi.

Amurka ta riga mu bin wannan hanya. Da aka matsa wa ƙwayoyin asibiti irin su OxyContin, masu sha suka koma hodar heroin, daga nan suka faɗa fentanil mai ninka ta kusan sau 50. Matsakaicin tsawon rai a ƙasar ya sauko daga shekara 78.9 a 2014 zuwa 78.6 a 2017, kuma a 2021 sama da mutum 100,000 suka mutu sanadiyyar shan ƙwayoyi fiye da kima. Lissafin ba wuya: rasuwar ɗan tamanin ba ta cika motsa ƙididdigar ba, amma ɗan ashirin da biyu yana tafiya ne da shekaru arba'in ko hamsin da bai rayu ba.

A nan gida, inda matsakaicin bai kai sittin ba, irin wannan mutuwa ba ta shiga littafi. A yi wa yaro sutura kafin azahar, a ce gajeruwar rashin lafiya. Wanda ya kife da babur a buge kuwa, hatsari za a rubuta.

Hukumar NDLEA na kama kwantena bayan kwantena, amma gadajen jinya a asibitocin Dawanau, Barnawa da Kware ba su kusa isa ba, shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari. An ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a Satumbar 2019: mutum kusan 300, wasu a ɗaure da sarƙa.

Roƙon ma'aikacin jinya ga wanda ya tsinci ɗan'uwansa a wannan hali kaɗan ne. A kwantar da shi a gefe guda. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a cusa masa cokali a baki. A taho da katin ƙwayar, a faɗa wa ma'aikata abin da ya sha da lokacin da ya sha, domin akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi idan an zo da wuri. Yaron daren nan ya farfaɗo wajen asuba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an gaya wa Hajiyarsa.