Hukuncin La'ada Ga Mai Dillanci Ta Wayar Hannu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sana'ar dillanci tsohuwa ce a ƙasar Zamfara. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya haifar da 'yan baranda masu shiga tsakanin manomi da kamfani. Har yau kuwa a kasuwannin Tsafe da Bunguɗu da Gusau da wuya a sayar da sa ko rago ba tare da dillali ba, a cikin gidaje kuma dillaliya ce ke kai wa matan aure kaya har ɗaki.

To, yanzu ga wani sabon dillanci ya shigo. Saurayi yana zaune a Damba, ba shi da rumfa, ba shi da jari, sai wayar hannu. Ya ɗora hotunan kayan wani kanti a Facebook ko WhatsApp, duk wanda ya saya ta hanyarsa sai a yanka masa la'ada. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe irin wannan tsari a 1996, sa'an nan Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, suka bi sawu. Abin tambaya shi ne, wannan kuɗi halal ne?

Asalin hukunci

Amsa a taƙaice ita ce asalin dillanci halal ne. Imam Buhari ya ware babi a kan ladan dillali a cikin Littafin Ijara, ya ambaci cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Ƙaisu ɗan Abu Garaza cewa a Madina ana kiransu dillalai, sai Annabi (S.A.W.) ya kira su da sunan 'yan kasuwa, ya gargaɗe su cewa ciniki ba ya rabuwa da yasasshiyar magana da rantsuwa, ya umurce su da su gauraya shi da sadaka.

Malaman Malikiyya sun sanya wannan aiki a babin ji'ala, watau jinga wadda ba a biya sai buƙata ta biya. Hujjarsu tana cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Ibnu Abi Zaid, mai Risala, ya bayyana cewa ba a yanka wa ji'ala lokaci, kuma mai aikin ba shi da kome sai aiki ya cika. Saboda haka wanda ya yi wata guda yana talla ba a saya ba, ba ya bin kowa bashi.

Sanin la'ada tun farko

A nan ne ya kamata a natsu. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya yarda mai kaya ya yanka farashi, ya yanka lada sananne, ya ce wa dillali in ya sayar ya karɓa, in bai sayar ba babu kome. Amma ya ƙi a ce masa ya sayar a kan duk abin da ya samu, yana da kaza a cikin kowane dinari, domin duk lokacin da farashi ya ragu hakkinsa ya ragu, bai san abin da zai samu ba. Wannan shi ne garari.

Misali, turmin atamfa da kanti ya yanka wa naira 20,000, ya ce dillali yana da kashi 5 cikin ɗari: kowa ya san naira 1,000 ke nan, babu duhu a ciki. Amma in farashi yana hawa yana sauka, ko kamfani yana da ikon rage kason bayan an gama ciniki, to, an faɗa cikin abin da Malik ya ƙi. Game da wanda aka ce wa ya sayar a kan kaza, abin da ya hau nasa ne, an ruwaito halaccinsa daga Ibnu Abbas, amma mafi yawan malamai ba su yarda ba saboda rashin sanin ladan. Abin da ya fi kuɓuta shi ne a ambaci kuɗi, a rubuta.

Dillali shaida ne

Dillalin kara yana buɗe bakin sa ya duba haƙori, ya tayar da shi ya ga tafiyarsa, kuma ya san in ya cuci mai saye za su haɗu a kasuwa mai zuwa. Mai dillancin waya sau da yawa bai taɓa riƙe kayan da yake yabo ba. Ga shi kuwa rashin tsaron hanyoyi ya sa mutumin ƙauye yakan gwammace ya aika kuɗi da ya yi tafiya, watau maganar dillali ita ce idonsa. Nauyin amana ya ƙaru ke nan.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Hoton da aka gyara har yadi mai arha ya koma kamar shadda, shi ne jiƙaƙƙen hatsin wannan zamani. Haka kuma wanda ya rubuta cewa ya saya ya ji daɗi alhali bai saya ba, ko ya sa abokai su yi ta yabo don a ruɗi baƙo, ya yi kama da mai najashu, watau mai taya kaya ba da niyyar saye ba, abin da hadisin Ibnu Umar ya hana. In bai ga kaya ba, sai ya faɗi haka, ya ce bayanin mai kanti ne yake isarwa. In kuwa ɗan'uwa ya nemi shawararsa, to, ya sanar da shi yana da la'ada a ciki, kada nasiha ta zama tarko.

Abubuwa uku da za a kiyaye

Na farko, kada dillali ya mayar da kansa mai kaya. Annabi (S.A.W.) ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. Wanda ya ce kayansa ne, ya karɓi kuɗi, sa'an nan ya shiga neman inda zai samo, ya bar dillanci ya shiga wannan hani.

Na biyu, ya san abin da yake tallatawa. Waɗansu kamfanoni kan turo jerin kaya da ke sauyawa da kansu, mai talla yana barci. In giya ko caca ko rance mai ruwa ko maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC ya bayyana da sunansa, shi ne ya nuna hanya, alhali aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Abin da bai iya tacewa ba, barinsa ya fi.

Na uku, ya bambance dillanci da tsarin da ake biyan kuɗin shiga, riba kuma ta dogara ga jawo waɗansu su biya. Wannan ba ciniki ba ne, cin dukiyar na baya ne, kuma jama'a ba su manta da yadda MMM ta rufe da kuɗinsu a watan Disamba na 2016 ba.

Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba ciniki a kasuwar Musulmi. Wayar hannu kasuwa ce, hukuncin bai sauya ba. Saboda haka saurayin da ke son wannan sana'a ya fara zuwa zaure ya karanta babin ciniki a Risala, iyaye kuma su tambayi 'ya'yansu inda kuɗi ke fitowa kafin su sa albarka.

Allah Ya azurta Musulmi da halal, Ya tsare su daga cin hakkin juna. Allah ne Mafi sani.