Kafin Ka Baro Kawukudi: Shawara Kan Rim Ɗin Motar Da Ya Lanƙwashe

Wanda zai tafi Accra da motarsa, ko fatauci ne ya kai shi, ko biki, ko ta'aziyya wurin 'yan'uwa a Nima da Maamobi, yakan ba takardu muhimmanci ƙwarai. Zai duba fasfo, ya sabunta lasin, ya nemi katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, ya canji sidi. Duk wannan daidai ne. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kai, wato rim, alhali shi ne ke shan dukan hanya tun daga ƙofar gida har masauki. Da yawa sai sun iso Kawukudi, sun sauke kaya, sannan wani yaro ya nuna musu cewa bakin rim ɗin gaba ya loɓa. Daga nan tambaya ta taso: a gyara, a canza, ko a bar shi a haka?

Amsar ba ta fitowa daga kallon ido kawai. Abu uku ke yanke hukunci: ko rim ɗin yana riƙe iska, ko yana juyawa a miƙe, ko ya tsage. Na huɗunsu kuwa shi ne tsawon hanyar da ke gabanka.

Inda hanya ke cin rim

Mai tahowa ta bakin teku zai bi Legas, ya ƙetare Seme, ya ratsa Kwatano da Lome, ya shigo Ghana ta Aflao, ya haye gadar Sogakope a kan kogin Volta, ya biyo Tema. Daga Tema zuwa Accra akwai babban titin kankare mai tsawon kilomita 19 da aka buɗe a 1965. Titi ne na gudu, kuma inda kankare ya farfashe bakin ramin yana da kaifi fiye da na kwalta. Mai tahowa daga arewa kuma zai bi Tamale, Kintampo, Techiman, Kumasi, Nkawkaw, Suhum da Nsawam, tare da manyan motocin kaya da ke tauye kwalta.

Baƙon direba ya lura da abu biyu a Ghana. Na farko shi ne tudun rage gudu da ake ginawa a bakin garuruwa da ƙauyuka. Wasu ba fenti, ba alama, sai ka hau su kake sani, musamman da dare. Na biyu shi ne kwatocin da ke gefen titi a cikin Accra, masu zurfi, da yawansu a buɗe. A lungunan Nima da Maamobi hanya matsattsiya ce, masu talla da babura da motocin haya na tirotiro duk suna neman wuri, kuma wajen ba wani hanya ne ƙafar mota kan goga da bakin kwata ko ta zurma. Ranar Laraba, da kasuwar Nima ke ci, da ranar Juma'a wajen azahar a kewayen Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, gara ka ajiye mota a masauki ka taka da ƙafa. Da damina kuma, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba, ruwa kan rufe rami da kwata gaba ɗaya, ba ka ganin inda titi ya ƙare.

Binciken da za ka yi da kanka

Ka yi shi ranar da ka iso ko washegari, kada ka bari sai daren komawa. Ka nemi fili mai tauri ba gangare, ka ja burkin hannu, ka sa dutse a bayan ƙafafun da ke ƙasa, ka ɗaga motar da jak.

Fara da wanke rim ɗin, domin laka da ƙurar burki suna ɓoye tsaga. Sannan ka leƙa ta ciki da tocila. Bakin rim na ciki shi ya fi lanƙwashewa, saboda ya fi nisa da hannuwan da ke tallafe da shi, kuma shi ne ba a gani daga waje. Mota kan yi kyau a ido alhali cikinta ya loɓa.

Bayan haka ka juya ƙafar da hannu. Ka ɗora sukundireba ko alli a kan bulo, tsininsa ya kusa taɓa bakin rim, ka sa ido a kan ratar da ke tsakaninsu. In ratar tana buɗewa tana rufewa, rim ɗin ba ya tafiya daidai. Ka gwada ta gefe, ka gwada ta sama. Ma'aunin da masu ƙera motoci ke yarda da shi ƙanƙane ne, wajen milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Ke nan duk karkatar da idonka ya kama ba tare da ka ƙura ba ta riga ta wuce iyaka.

Sai gwajin iska. Ka kaɗa ruwan sabulu ka zuba a inda taya ta haɗu da rim, ciki da waje, da gindin bawul. Tayoyin yanzu ba su da tiyub, bakin rim ne kaɗai ke tsare iskarsu. In ka ga kumfa na tasowa, nan ne iska ke fita. In ba ka ga komai ba, ka auna iska da geji da dare, ka sake aunawa da safe kafin rana ta yi zafi.

Kada ka manta da tayar kanta. Dukan da ya lanƙwasa ƙarfe ya fara bi ta cikin roba. In gefen taya ya yi kumburi, zaren cikinta ya tsinke, kuma wannan ba shi da faci, sai canji.

Gwaji na ƙarshe a kan titi ne. A cikin unguwa ba za ka ji komai ba, domin cunkoso ba zai bar ka ka yi gudu ba. Ka fita inda doka ta yarda da gudu, ka kai kilomita 80 zuwa 100 a awa. In sitiyari ne ke kakkarwa, matsalar tana gaba. In a kujera ko a ƙasan mota kake jin girgizar, tana baya. In kuwa girgizar ba ta zuwa sai ka taka burki, to ka sa a duba faifan burki, wataƙila rim ba shi da laifi.

Hukunci kashi uku

Akwai rim ɗin da za ka bari. Wanda ya goge da bakin kwata ya kuje, ko fentinsa ya ɓare, ko ya ɗan loɓa a can leɓen waje, amma iska ba ta fita, mota ba ta girgiza, kuma ba tsaga, wannan muni ne kawai. Ka sa a yi masa balansin, ka mai da shi baya, ka riƙa duba iskarsa kowace safiya.

Akwai wanda za ka gyara. A nan sai ka san irin rim ɗin da kake da shi. Na baƙin ƙarfe, irin wanda ake rufewa da murfin roba, yana da haƙuri: yakan lanƙwashe maimakon ya karye, kuma gwanin maƙeri zai iya mai da leɓensa da guduma a hankali bayan an cire taya. Na alminiyam, mai hannuwa da ƙyalli, ba haka yake ba. Guduma tana haifar masa da tsaga siririya wadda ido ba ya gani. Shi sai a kan injin matsa, wanda ke tura wurin sannu sannu, da ɗumi daidai gwargwado. In an gasa shi da wutar walda ya yi zafi fiye da kima, taurin da aka ba shi a masana'anta ya tafi, zai fito a miƙe amma ya zama mai laushi, rami na gaba ya sake naɗe shi. Saboda haka lanƙwasa ɗaya, marar zurfi, a leɓe, ita ce ta cancanci gyara.

Akwai kuma wanda za ka rabu da shi ba jayayya: wanda ya tsage a hannu, ko a cibiya, ko kusa da ramin noti, wanda ramukan notinsa suka buɗe suka zama kamar ƙwai, wanda ya murɗe tun daga tsakiya har ƙafar duka tana rawa, wanda ya loɓa a wuri biyu ko uku, da wanda aka taɓa yi wa walda ko miƙarwa ya sake lanƙwashewa a wuri guda. Za ka sami mai ce maka zai liƙe tsagar da walda. Ko da aikinsa ya yi kyau, ka tambayi kanka inda za ka. Rim ɗin da zai yi shekara yana kai yara makaranta tsakanin Maamobi da Kawukudi ba shi ne zai ɗauki mutum biyar da buhunan kaya daga Accra zuwa Legas ba, tafiyar da ta haura kilomita 400, balle a ɗora wasu kusan 1,000 zuwa Kano. Matafiyi ba shi da damar da ɗan gari yake da ita ta komawa wurin mai gyara gobe.

Haka nan dabarar sa tiyub a cikin taya don a toshe yoyon rim. Tana fitar da mutum daga daji zuwa gari, kuma iyakar amfaninta ke nan. Cikin tayar da ba a yi ta don tiyub ba yana da kaushi, yana gurzar tiyub ɗin, zafi ya taru, iska ta fita lokaci guda.

Wurin wa za ka je

Baƙo makaho ne ko da idonsa, don haka ka fara da mai masaukinka. A unguwannin Zango irin su Nima da Maamobi Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, ba za ka rasa mai fahimtarka ba. Ka roƙe shi ya haɗa ka da direban tasi ko na tirotiro da ya daɗe a unguwar, domin su suka san hannun kowane mai gyara. Masu faci suna nan birjik a bakin titin Nima da wajen mahaɗar Kawukudi a kan titin Obasanjo, kuma sun isa su cire taya, su gwada yoyo, su daidaita leɓen rim na ƙarfe. Amma don rim na alminiyam ka nemi shagon da ke da injin balansin. Ka gaida maigidan shagon yadda ya kamata, ka ce masa, “Maigida, don Allah a ɗora shi a kan inji in gani da idona kafin a taɓa shi.” In ya juya za ka ga rawarsa ƙarara. In kuma bayan gyara sai an jera masa darma da yawa kafin inji ya yarda, to bai miƙe ba, an rufe laifin ne kawai.

In canji ya kama, kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, kusa da Kaneshie da Sabon Zango, ita ce babbar matattara a Accra. Mai komawa ta arewa yana da Suame Magazine a Kumasi, ɗaya daga cikin manyan unguwannin makanikai a Afirka ta Yamma. Ka tafi da ɗan gari, ka shiga shago da kanka maimakon ka miƙa kuɗi ga 'yan kamasho da ke tarar baƙi a bakin hanya. Ka guji Lahadi, domin yawancin shaguna a rufe suke. Abin da muke kira tokumbo su hom-yus suke ce masa, kuma shi ma sai an juya shi an gani, don wani an miƙar da shi an shafe da fenti.

Ka ɗauki tsohon rim ɗin ka tafi da shi. A bayansa an buga girmansa, kamar 15x6 ko 16x6.5, da wata lamba mai ET a gabanta, wadda ke nuna yadda ƙafa za ta shige ciki ko ta fito waje. Yawan ramukan noti bai isa shaida ba, sai tazararsu ta yi daidai: Camry da Sienna da Accord na zamani suna da rami biyar a kan milimita 114.3, Corolla da yawa kuma rami biyar a kan milimita 100. Rim ɗin da aka tura da ƙarfi ya shiga zai cinye kusoshi. Ka tambayi noti ma, domin na rim ɗin alminiyam na Toyota gindinsa shimfiɗaɗɗe ne mai washa, na ƙarfe kuma mai tsini. Game da kuɗi, in abin da aka nema na gyara ya kusa rabin farashin rim mai lafiya, ka ƙara ka saya. Araha ba ta ado.

Ranar komawa

A ɗaure noti ɗaya a tsallaka zuwa na daura da shi, ba a bi su a jere ba, kuma kada a bar yaron shago ya hau kan sifana da ƙafa; ƙananan motoci ba sa buƙatar wannan ƙarfin. Bayan ka yi kilomita 50 zuwa 100, misali a Suhum, ka tsaya ka sake bin notin ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar da aka gyara ta zauna a baya, masu lafiya su riƙe sitiyari.

Ka sa iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka bi adadin da aka ba mota mai kaya in ka yi lodi. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke barin bakin rami ya isa ga ƙarfe. Tsarabar Ghana tana da nauyi, daga atamfa zuwa garin rogo da sabulun salo, don haka ka rage abin da za a iya aikowa a motar haya. Ka tabbata safayarka tana da iska. In 'yar siririyar nan ce, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ka riƙe alamar tsayawa mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara, 'yan sandan hanya suna tambayarsu.

In ka hango rami, ka rage gudu tun daga nesa, ka saki burki kafin ƙafa ta faɗa, saboda burki yana tura nauyin mota duka kan ƙafafun gaba a daidai lokacin dukan. Ka ba motar gabanka rata don ka ga titi da idonka. Ka tashi bayan sallar asuba, ka yada zango kafin magariba. Kwana ɗaya da za ka ƙara a Kawukudi don a duba ƙafafun motarka ya fi sauƙi a kan fashewar taya a tsakanin garuruwa da iyali a ciki. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.