BABI NA TARA: OKIDIN ƘASA DA DAJIN DA YAKE RAYUWA A CIKINSA

9.0 Gabatarwa

A ƙarshen bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, ƙasa ta yi baƙi da toka, ruwan farko kuma bai daɗe da sauka ba, matafiyi a dazuzzukan tsakiyar Nijeriya kan ci karo da wani kara siriri da ya tsaya shi kaɗai, babu ganye a jikinsa, amma kansa ɗauke da manyan furanni masu ruwan hoda. Yawancin mutane ba su da abin da za su kira shi da shi illa "furen daji", su wuce. Wannan tsiro shi ne abin nazari a wannan babi. Manufar ita ce ɗalibi mai shirin zama malamin Hausa ya ga yadda ake bayanin wani abu na kimiyya da Hausa tsantsa ba tare da an tauye ma'ana ba, ya kuma fahimci dalilin da ya sa ba a iya raba wannan tsiro da dajinsa.

9.1 Batun suna

Masana tsirrai suna kiran wannan tsiro Eulophia cucullata. Yana cikin wani babban dangi na tsirrai masu fure wanda ya ƙunshi nau'o'i wajen 28,000 a faɗin duniya, ciki har da tsiron da ake samun ƙamshin banila daga gare shi. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara wannan dangi duka, don haka aka aro sunan. Da yake akasarin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, a wannan babi an zaɓi a rubuta shi "okidi", bisa tsarin da ya samar da kalmomi irin su "bokiti" da "kati". Mafi yawan 'yan wannan dangi a kan rassan itatuwa suke maƙalewa, musamman a kurmi. Wasu kuma a ƙasa suke tsirowa kamar kowace ciyawa, su ne ake nufi da okidin ƙasa.

Sunan kimiyyar kansa bai fi ƙarfin a feɗe shi ba. Kalma ta farko daga Girkanci take, ma'anarta kuwa "mai kyakkyawan tukku", saboda 'yan tudun da ake gani a leɓen furen. Ta biyu daga Latin take, tana nufin "mai lulluɓi" ko "mai hula", domin furen ya yi kama da hular da ake ɗinkawa haɗe da wuyan riga. Ke nan masana ba su yi wani abu da ya bambanta da abin da Bahaushe yake yi ba: sun dubi siffa suka raɗa suna. Bahaushe ma idan ya ga tsiron daji da ya yi kama da wani abin da ya sani a gida, sai ya jingina shi ga wata dabba ko ga dajin kansa, ya haɗa sunaye biyu da mahaɗin -n ko -r. Ta haka aka sami albasar kwaɗi da giginyar biri da gatarin kurege da nonon kurciya da gwandar daji. Sai dai irin waɗannan harɗaɗɗun sunaye suna da wata matsala, wato suna guda kan hau kan tsirrai biyu ko uku da ba su da wata dangantaka, haka kuma sunan da aka sani a Zariya mai yiwuwa ne a ji daban a Kontagora. Wannan ne ya sa Dokta J. M. Dalziel, wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya jera kowane sunan Hausa tare da takwaransa na kimiyya a ƙamusun tsirrai da ya wallafa a 1916. Malamin da ya ɗauki sunan ƙauyensu ya ce shi ne kaɗai daidai, ya rage wa harshen arziki.

Akwai wani ɗan tarihi da ya kamata a ambata. Wanda ya fara tattara samfurin wannan tsiro domin masana Turai shi ne Adam Afzelius, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya je Saliyo a 1792. A 1794 jiragen yaƙin Faransa suka far wa Freetown, ya yi asarar yawancin abin da ya tara, amma ya sake sabon lale. An wallafa bayanin tsiron a 1800, aka kuma mayar da shi rukunin da yake ciki yanzu a 1840. Itacen kawo da kowane Bahaushe ya sani, da sunan wannan mutum masana suke kiransa, wato Afzelia africana.

9.2 Siffar tsiron

Abin da ido yake gani a sama ƙaramin kashi ne na tsiron. Ainihinsa yana ƙarƙashin ƙasa, inda yake da wasu curarrun gaɓoɓi a jere, kamar 'ya'yan gwaza ko citta, kowace shekara ana samun sabuwa a gaban tsohuwa. Waɗannan gaɓoɓi su ne rumbunsa na abinci da ruwa. Daga nan karan fure yake fitowa, tsawonsa kan kai mita guda, yana ɗauke da furanni kaɗan a warwatse, launinsu daga ruwan hoda zuwa shunayya, cikinsu kuma fari da ɗan ratsin ruwan ɗorawa. Ganyayen ba sa bayyana sosai sai fure ya yi nisa. Dogaye ne, sirara, masu nannaɗi a tsaye, ta yadda da zarar damina ta zauna, ciyawa ta tashi, da wuya a bambanta su da ita.

Kowane fure yana da ganyaye shida, uku na waje uku na ciki. Ɗaya daga cikin na cikin ya fi sauran girma da faɗi, ya zazzago ƙasa ya yi aljihu a gindinsa. Shi ne ake kira leɓe, kuma shi ne alamar da aka fi saurin gane 'yan wannan dangi da ita.

9.3 Muhallinsa

Ana samun wannan okidi tun daga Senegal har zuwa Habasha, ya gangara kudu zuwa gabashin Afirka ta Kudu. Ba ya son duhun kurmi, ba ya kuma jure ƙarancin ruwa irin na bakin hamada. Wurinsa shi ne dajin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, inda ruwan sama na shekara kan kai milimita 1,000 zuwa 1,500, irin wanda ake gani a kudancin Jihar Kaduna da Neja da kewayensu. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da kawo, ƙarƙashinsu kuma gamba da tofa. Sai dai kiran sunayen itatuwa bai isa bayanin muhalli ba. Abubuwa uku ne suke riƙe da rayuwar tsiron, kuma biyu daga cikinsu ba kasafai ake lura da su ba.

Na farko wuta ce. Mafarauta da makiyaya sun daɗe suna cinna wa irin wannan daji wuta da rani, na farko don korar nama, na biyu don samun toho. Wutar kan cinye busasshiyar ciyawa ta wuce da sauri, zafinta bai cika ratsa ƙasa ya kai ga gaɓoɓin okidin ba. Idan ta lafa, sai fili ya buɗe, babu inuwa, babu cunkoso. A wannan ɗan tsakani, kafin gamba ta tashi ta fi tsawon mutum, tsiron yake fitar da furensa inda kowane ƙwaro zai hango shi daga nesa. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin lasisin ƙona daji ba. Wutar farkon rani, lokacin da ciyawa take da sauran danshi, ta bambanta da ta ƙarshen rani mai tsananin zafi, wadda take kashe ƙananan itatuwa, ta kuma iya riskar karan furen bayan ya riga ya ɓullo.

Na biyu ƙwaro ne. A yawancin tsirrai garin fure a barbaje yake, iska ko ƙwari su kwashe shi kaɗan-kaɗan. A okidi kuwa a dunƙule yake, curi biyu masu ɗan danƙo a gindi. Masu ɗaukarsa su ne manyan ƙudajen nan dangin zuma, masu ƙugi, waɗanda suke huda busasshen itace su yi gida a ciki. Ƙudan kan sauka a kan leɓen furen, ya kutsa kai yana neman ruwan zaƙi, sai curin ya manne masa, ya tafi da shi zuwa wani furen. Abin mamaki shi ne babu wani zaƙi a ciki, romon baka kawai furen yake yi masa da launi da girma. Ƙudan ba wawa ba ne, bayan ya sha yaudara sau biyu ko uku yakan daina zuwa, shi ya sa furanni kaɗan ne suke ƙulla 'ya'ya. Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a 1862 a kan dabarun da wannan dangi yake bi wajen sa ƙwari su yi masa aiki. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya kwashe busassun itatuwan daji don girki ko gawayi, ya kwashe gidan ƙudan, ya kuma taɓa okidin ko da bai taɓa ganinsa ba.

Na uku, wanda ya fi sauran ɓuya, yana cikin ƙasa. Kwanson 'ya'yan okidi guda yana ɗauke da dubban iri, a wasu nau'o'in ma har miliyoyi, kowanne ƙanƙane kamar ƙura. Ƙwayar gero ko ta wake tana zuwa da guzurinta, wato abincin da ɗan tsiron zai ci kafin ya yi ganye. Irin okidi ba shi da wannan guzuri ko kaɗan. Idan iska ta ɗauke shi ta yar, ba zai tsira ba sai ya faɗa inda ake da wata irin fumfuna ta cikin ƙasa, dangin naman kaza, wadda zaruruwanta za su shiga cikinsa su riƙa ciyar da shi har ya tsaya da ƙafarsa. Wani masani ɗan Faransa mai suna Noël Bernard ne ya gano wannan alaƙa a 1899. A 1922 kuma Lewis Knudson na Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da irin a cikin kwalba idan aka ba shi sukari da wasu sinadarai, wanda shi ne tushen noman okidi na kasuwa a yau. To amma a daji babu kwalba. Daga cikin dubban irin da suka tashi, ɗaiɗaiku ne suke dacewa, su ma sai sun yi shekaru kafin su yi furen farko.

9.4 Abin da yake barazana gare shi

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa za a ga cewa garma ta fi wuta illa ga wannan tsiro. Gobara kan wuce ta bar gaɓoɓinsa, amma huɗa tana tono su ta shanya a rana, ta kuma wargaza zaruruwan fumfunar. A da, manomi kan bar gona ta yi saura na shekaru, daji ya dawo. Yanzu da jama'a suka yawaita, saura ta yi ƙaranci, ga maganin kashe ciyawa wanda ba ya tambayar sunan abin da ya faɗa wa. Haka nan mai sha'awar da ya tone tsiron ya kai gida ya dasa, sau da yawa abin da yake samu shi ne fure na shekara ɗaya ko biyu, daga nan shiru.

Abin da ya faru a wata shiyya ta Afirka ya isa misali. A Zambiya ana daka saiwar wasu nau'o'in okidin ƙasa, waɗanda ba wannan ba, a haɗa da gyaɗa a yi wani abinci da ake kira cikanda. Da abincin ya shiga birane, buƙata ta ƙaru har aka koma tono saiwar daga tsaunukan kudancin Tanzaniya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Tanzaniya ta mayar da tudun Kitulo gandun ƙasa a 2005, domin kare furanni, ba manyan namun daji ba. A matakin duniya kuwa, yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a 1973, wadda Nijeriya take cikinta, ta sanya dukkan dangin okidi cikin tsirran da ba a fitar da su daga ƙasa zuwa ƙasa sai da izini. Sai dai dokar ciniki ba ta hana gona cinye daji.

9.5 Aiki

1. Ɗalibi ya tambayi dattawa uku, manomi da maharbi da mai maganin gargajiya, sunan da suke kiran wannan tsiro da shi a yankinsu, ya rubuta sunayen tare da garin da ya ji kowanne, ba tare da ya tone tsiron ba.

2. A kawo harɗaɗɗun sunayen tsirrai goma waɗanda ba a ambata a wannan babi ba, a nuna mahaɗin kowanne da dalilin zuwansa -n ko -r.

3. A wannan babi an yi amfani da "leɓe" da "guzuri" da "rumbu" a wajen ma'anarsu ta asali. A bayyana yadda aka faɗaɗa ma'anar kowace kalma.

4. A rubuta sakin layi biyu da za a iya karanta wa 'yan aji biyar na firamare, a kan dalilin da ya sa irin okidi ba ya tsira a kowace ƙasa.