Haɗa Kwamfuta Mai Karɓar Ƙari: Darasi Daga Mazaunin AM4

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke son kwamfutar da zai yi wasanni da ita, ya kuma tace hoton bidiyo ko ya yi zane, yakan tarar kuɗin irin wannan na'ura ya fi ƙarfin aljihunsa. Hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya sayi wadda aka riga aka haɗa, wadda in ta gaza sai a rabu da ita ɗungurungum, ko kuwa ya sayi sassan ɗai-ɗai ya haɗa da hannunsa, ya riƙa ƙara mata ƙarfi yadda hali ya samu. Wannan maƙala ta shafi hanya ta biyu ce. Abin da za a nuna shi ne, sassa biyun da ba su ƙara wa wasa gudu ko kaɗan, watau uwar-allo da akwatin wuta, su ne suka fi bukatar a yi karatun ta-natsu wajen zaɓensu.

2.0 Abin Da Ya Sa Haɗawar Ta Yiwu

A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda ya harhaɗa da sassan wasu kamfanoni, ya kuma buga bayanin yadda take ciki. A 1995 kuma kamfanin Intel ya shimfiɗa ƙa'idar ATX, wadda ta tsayar da girman allo da wuraren ƙusoshi da fasalin akwatin wuta. Albarkacin wannan ne allon wani kamfani ke zama daram cikin gidan da wani kamfani dabam ya ƙera.

3.0 Uwar-allo Da Mazauni

Uwar-allo shi ne faffaɗan allon da dukkan sassa ke hawa kansa. A tsakiyarsa akwai mazauni, watau gurbin da ake ɗora furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Kowace furosesa da irin mazauninta. Ke nan ranar da kamfani ya daina ƙera furosesa domin wani mazauni, ƙofar ƙari ta fara rufewa ga duk mai wannan allo.

Kamfanin AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, furosesar Ryzen ta farko kuma ta hau kansa a 2017. Mutumin da ya sayi allo mai rahusa samfurin B350 a shekarar, ya ɗora masa Ryzen 5 1600, yana iya cire ta bayan shekara biyar ya sa Ryzen 7 5800X3D, wadda ta fito a 2022 ta kuma shiga sahun gaba wajen wasanni, muddin maƙerin allon ya fitar da sabuwar manhajar BIOS. Wannan manhaja ita ce ke tayar da na'ura ta gane sassanta. Allo, da gida, da akwatin wuta duk suna nan yadda suke. A ɓangaren Intel kuwa, an yi mazaunin LGA1200 a 2020, aka sake LGA1700 a 2021, sannan LGA1851 a 2024.

Sai dai tsawon ran AM4 bai zo a ɓagas ba. A watan Mayu na 2020 AMD ya sanar cewa sababbin furosesoshinsa ba za su yi aiki a kan allunan B450 da X470 ba, wai don ma'ajiyar BIOS ɗinsu ta yi kaɗan. Masu saye suka yi ca, kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye maganar. Masu B350 kuwa sai da suka jira har 2022. Alkawarin kamfani abin dubawa ne, amma abin dogaro shi ne jerin furosesoshin da maƙerin allo ya rubuta cewa allonsa na karɓa.

4.0 Abin Da Za A Fara Saye

Mafi tsadar sassa ga mai wasa shi ne katin hoto, kuma shi ne aka fi iya jinkirtawa. Akwai furosesoshi masu ɗauke da sashen hoto a cikinsu, alal misali Ryzen 5 5600G ta 2021, mai cibiya shida. Da ita kaɗai ana iya rubutu, da gyaran hoto, da wasanni marasa nauyi, har zuwa ranar da kuɗin kati zai samu. Tana da nata rauni: ma'ajiyarta ta kusa megabait 16 ce, rabin ta 5600X, don haka ko an sa mata babban kati ba za ta kamo waccan ba.

Game da ma'ajiyar wucin gadi, watau RAM, sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda guda mai 16, domin furosesa na ɗiba ta hanyoyi biyu a lokaci ɗaya. Bambancin ya fi fitowa idan babu katin hoto, tunda sashen hoton daga nan yake cin nasa rabo. Allo mai gurbi huɗu ya fi mai biyu, don in aikin bidiyo ya nemi gigabait 32, ƙari za a yi, ba musanya ba. Ma'ajiya ta dindindin ba ta da wata wahala: a fara da SSD guda, a ƙara wata daga baya.

A wajen akwatin wuta ne masu ƙaramin ƙarfi suka fi yin arahar da ba ta ado. Aikinsa shi ne mayar da wutar bango zuwa ƙaramar wutar da sassa ke sha, kuma in ya lalace yana iya tafiya da allo da kati gaba ɗaya. Ana auna shi ne da na'urar gobe. Furosesar 5600G wat 65 aka ƙayyade mata, amma katin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kamfanin Nvidia kuma ya ba da shawarar akwati mai wat 550 dominsa. Wanda ya sayi mai wat 300 don ya ishe shi yau, zai sake saye ranar da kati ya zo. Tambarin 80 Plus da ake gani a jikin akwati yana nuna ƙarancin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne. A inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa da hauhawa, kamar Nijeriya, kuɗin na'urar daidaita wuta yana cikin kuɗin kwamfutar tun farko.

5.0 AM4 Ko AM5

A 2022 AMD ya fito da mazaunin AM5, wanda ba ya karɓar RAM samfurin DDR4 sai DDR5, a 2024 kuma ya ce zai ci gaba da tallafa masa har 2027 da bayanta. Sababbin tsararrakin Ryzen duk can suka koma. Saboda haka mai sayen AM4 yanzu ya san iyakar inda zai kai, watau jerin Ryzen 5000, amma kayansa na hannu suna da yawa a kasuwa. Mai sayen AM5 zai biya fiye a ranar farko, ya sami hanya a buɗe.

Wanda ya zaɓi kayan hannu ya lura da abu biyu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da Ryzen ta 2017 ba a hukumance. Sannan tsohon allo ba zai tashi da sabuwar furosesa ba sai an sabunta BIOS ɗinsa, a alluna da yawa kuwa sabuntawar na bukatar tsohuwar furosesa tana kai. Don haka a nemi mai sayarwa ya yi wannan aiki kafin a biya shi.