Lafiyar Doki Tana Cikin Kofatonsa

Ƴan'uwa masu dawaki, a unguwar Kalley da ke tsakiyar birnin Yamai, doki ba ya taka rairayi kaɗai kamar na karkara. Yana taka kwalta da tsakuwa, har da ƙusa da fasasshiyar kwalba. Saboda haka kula da kofato wajibi ne.

Kofato yana tsiro kamar farcen mutum, kusan santimita 1 a wata. Yakan ɗauki wajen shekara 1 kafin sabon kofato ya sauko daga sama har ƙasa. Ke nan, ɓarnar rana guda tana iya zama jinyar watanni.

Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Idan gefe ɗaya na kofato ya fi ɗaya tsawo, nauyin sai ya karkata. Jijiya da gaɓoɓi su wahala, doki ya soma ɗingishi. Dokin da ke ɗingishi kuwa ba ya jan amalanke, ba ya hawan salla, kuma kuɗinsa ya faɗi a kasuwa.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. Kullum safe da maraice a ɗaga ƙafa, a ciccire kashi da tsakuwa.
2. Bayan kowane mako 6 zuwa 8, gwani ya yanke kofato, ya daidaita shi da magagari. A tsayar da dokin a wuri mai baiɗaya, a ga kofaton ya zauna daidai.
3. Da damina, musamman a watan Agusta, a riƙa share turke, a zuba busasshen rairayi. Danshi da fitsari suna ruɓar da cikin kofato, ya yi baƙi, ya yi wari.
4. Kada a cika wa doki gero ko dawa a lokaci guda. Yawan hatsi yana sa kofato zafi da ciwo mai tsanani.
5. Idan ƙusa ta soke shi, a wanke wurin, a gaggauta kiran likitan dabbobi. Ta irin wannan rauni cutar sarƙe-haƙora take shiga, kuma tana kashe doki.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Kafin ka ɗaura sirdi gobe, fara duba ƙafa.