Yadda Mai Ɗaukar Bayanan Kotu Zai Daidaita Kujerarsa da Kayan Aikinsa

A kotunan Amurka akwai ma'aikacin da ke zaune kusa da mai ba da shaida, ba ya cewa uffan, amma duk kalmar da ta fito daga bakin kowa sai ta bi ta yatsunsa. Na'urarsa, wadda ake kira steno, maɓallan haruffa 22 gare ta, ana danna da yawa a tare su fitar da gaɓar kalma ko kalma ɗungurungum. Kafin ƙungiyarsu ta ƙasa, NCRA, ta ba shi shaidar ƙwarewa ta RPR, sai ya rubuta kalma 225 a minti ɗaya a jarrabawar tambaya da amsa. Ƙa'idar kotunan tarayya kuma ta yarda lauyoyi su shafe har awa 7 a rana ɗaya suna yi wa shaida guda tambayoyi kafin a shiga shari'a. Lauya kan tashi ya miƙe ƙafa, shi kuwa babu hali. A nan ciwon baya da na wuya da na tsintsiyar hannu ke samun ƙofa. Abin da ke tafe zai amfani mai steno, zai kuma amfani magatakarda da masu buga bayanan shari'a a kotunanmu na Najeriya, inda har yanzu alƙalai da yawa da hannu suke rubuta abin da aka faɗa.

Ka fara da kujera, na'ura tana gefe tukuna. Yawancin mutane a nan suke ɓata lissafi: su kafa na'ura inda suka ga dama, sannan su lanƙwasa jiki ya bi ta. Zauna ka tura ƙugunka har ya taɓa majingina. Ɗaga mazaunin ko ka sauke shi har tafin ƙafafunka biyu su kwanta a ƙasa sosai, cinyoyi a miƙe, ƙugu daidai da gwiwa ko ya ɗan ɗara ta tsawo. Sai ka zura hannu tsakanin bakin mazaunin da bayan gwiwarka. In yatsu biyu zuwa uku suka shiga, ya yi. In ba su shiga ba, mazaunin ya yi maka zurfi, zai matse jijiyoyi, kuma ba za ka ankara ba sai ka ga ka zamo gaba ka bar majingina a baya.

Majinginar kanta ana son tudunta ya faɗa cikin ramin nan na bayan ƙugu, wajen da ɗamara ke zama. Amma mu faɗi gaskiya, sau da yawa ba kai ke zaɓar kujera ba. Wadda ka tarar a kotu ko a ofishin lauya ita ce taka, wata ta katako, wata mai laushin da mutum ke nutsewa. Don haka ka riƙa yawo da maganinta a jaka: ƙaramin tawul da za ka naɗe ka cusa a bayan ƙugu, da matashi mai tauri na ɗora wa mazauni in ya yi ƙasa. In kujerar ce ta yi tsawo har ƙafa na lilo, ka sa matakin ƙafa, ko da ƙullin takarda ne wanda ba a ɓare ba.

Hannuwan kujera fa? A ganina, ga mai steno sun fi zama cikas. Suna tokare gwiwar hannu, kafaɗa ta ɗage sama ta wuni a haka. In ana sauke su, ka sauke su ƙasa. In ana cirewa, ka cire.

Yanzu sai ka jawo na'urar. Tana zama ne a kan mariƙi mai ƙafa uku, kuma tsawonsa shi ne abin da ya cancanci ka ɓata masa lokaci. Saki kafaɗunka su sauka, hannaye su rataya a gefen jiki, sannan ka lanƙwasa gwiwar hannu har dantse ya miƙe daidai da ƙasa ko ya ɗan sunkuya. Inda yatsunka suka tsaya, nan maɓallan za su same su. Ka matso da mariƙin tsakanin gwiwoyinka yadda ba sai ka miƙa hannu gaba ba. Dubi tsintsiyar hannunka daga gefe: ana son ta tafi sambal da dantse, ba ta karye sama ba, ba ta karye ƙasa ba. Dalili kuwa, akwai wata 'yar matsattsiyar hanya a cikinta inda jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya ta ratsa tare da jijiyoyin motsa yatsu. Lanƙwasa tsintsiyar hannu yana ƙara matsi a wurin. In kan mariƙinka yana karkata, ka gwada ɗan sauya karkatar bayan an dawo hutu, domin nauyin ya sauya wuri.

Na'urorin zamani, irin su Luminex na kamfanin Stenograph, ana iya rage taurin maɓallansu da zurfin dannawa. Ka rage kaɗan-kaɗan. In ka sassauta da yawa lokaci guda, haruffan da ba ka nufa ba za su riƙa shigowa.

Wurin zama a ɗakin ma yana da nasa. Kana bukatar ganin bakin mai magana, to ka juya kujera da na'ura gaba ɗaya su fuskance shi, kada ka bar wuya shi kaɗai yana wannan aikin. Kwamfutar da ke nuna rubutun nan take ka ajiye ta kusa da inda kake kallo, nisan kamu ɗaya na miƙaƙƙen hannu, wato santimita 50 zuwa 70. Ka ƙara girman haruffa maimakon ka riƙa leƙe.

Bayan an tashi kotu aikin bai ƙare ba, saura gyaran rubutu, kuma a nan ake yin sakaci. Ɗora kwamfutar a kan wani abu har saman fuskarta ya zo daidai ido, ka haɗa mata allon bugu da linzami na daban. In kana sauraron muryar da aka naɗa, ka samo feda ta ƙafa, irin ta keken ɗinki, wadda ke tsayar da murya ta mayar da ita baya, hannu ya huta. Duk minti 20 ka ɗauke ido ka dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Kayan kuma ka zuba su a jaka mai taya, kada ka rataya su a kafaɗa ɗaya.

Da alƙali ya ba da hutu, ka tashi tsaye, ka taka, ka saki hannaye ka girgiza su, ka bar waya a aljihu. Kafin dogon zama a ofishin lauyoyi, ka nemi a yi yarjejeniyar tsagaitawa duk bayan awa ɗaya ko makamancin haka. In kuwa yatsunka suka fara mutuwa, ko suna yi maka kamar ana tsira allura har su tashe ka cikin dare, ko abu ya riƙa suɓuce maka daga hannu, gyaran kujera kaɗai ba zai isa ba. Ka je wajen likita ko masu gashin ƙashi tun da wuri, ka kuma tafi da hoton yadda kake zama a gaban na'urarka su gani.