Suna Biyar, Layi Ɗaya: Yadda Airtel Ya Girma Har Ya Haɗe Iyakar Jibiya

'Yan'uwa ɗalibai, musamman mu na sashen kasuwanci da jarrabawa ke ƙwanƙwasa mana ƙofa, an koya mana cewa kamfani na girma ta hanya biyu: ko ya gina da kansa, ko ya sayi wanda wani ya gina. Ba sai mun je Turai neman misalin hanya ta biyu ba. Yana cikin aljihun mutanen Riko da sauran ƙauyukan Jibiya, inda wayar mutum kan kamo sabis ɗin Nijar alhali ƙafarsa na Nijeriya.

A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. Cikin waɗanda suka samu akwai Econet, na Strive Masiyiwa ɗan Zimbabuwe, wanda ya fara aiki a watan Agustan shekarar. Lokacin layi kaɗai kan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti. Sai rigimar masu hannun jari ta ɓarke, a 2004 sunan ya koma Vmobile. A 2006 Celtel ya sayi kaso mafi tsoka, a 2008 aka wayi gari da Zain, a 2010 kuma Bharti na Indiya ya biya dala biliyan 10.7 ya kwashe harkar Zain a ƙasashen Afirka 15, aka liƙa Airtel. Suna biyar cikin shekara goma! Amma mai lamba 0802 bai canza lambarsa ba. To, a nan darasin yake: abin da ake saye da wannan maƙudan kuɗi ba fentin shago ba ne, lasisi ne da turakun sabis da kuma jama'ar da suka riga suka saba da layin. Ginin wannan daga tushe sai ya ci shekaru, ga MTN da Glo sun riga sun baje kolinsu.

Inda labarin ya fi shafar mu shi ne zamanin Celtel. Mo Ibrahim ɗan Sudan ne ya kafa shi a 1998, kuma tun 2001 yana aiki a Nijar. Da ya shigo Nijeriya, sai ya zama kamfani ɗaya ne a Maraɗi da Katsina. A ƙarshen 2007 aka shigar da ƙasashen biyu cikin tsarinsa na One Network, wato ka tsallaka iyaka da layinka, ka amsa kira kyauta, ka yi kira da farashin gida. Wanda bai san iyaka ba ba zai gane girman wannan ba. Ɗan kasuwar da ke bin Magama zuwa Ɗan Isa, mai sayen wake da dabbobi, matar da iyayenta ke can mijinta na nan, ai su aka yi wa. A ganina wannan ita ce dabara mafi kaifi a tarihin kamfanin, domin abokin gasar da ba shi da reshe a ɗaya ɓangaren ba yadda zai yi ya kwaikwaya.

Daga baya salon ya canza. A 2014 Airtel ya ƙulla cinikin sayar da turakunsa kusan 4,800 na Nijeriya ga American Tower, ya koma ɗan haya a kansu, don kuɗinsa su tafi wajen data. A 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan da ta Legas. Masu akwatin talabijin ma hanyar suka bi: a 2025 Canal+ na Faransa, wanda ake kallon ƙwallo da shi a Maraɗi, ya saye MultiChoice mai DStv da GOtv.

Sai dai akwai abin da littafin aji ba ya cika faɗa. A Satumban 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya. Ba Airtel, ba MTN, ba Glo, duk girmansu umarni ɗaya ya kashe turakun. Masu POS suka zauna, ɗalibi ba ya iya kiran gida ya ce kuɗin abinci sun ƙare. Wanda ke bakin iyaka kuwa sai ya nemi layin Nijar, ya hau tudu yana ɗaga waya, yana sayen kati da sefa. A wasu lokutan ma layin Airtel ne dai, na ɗaya ɓangaren, domin lasisinsa daga Yamai yake, umarnin Abuja bai hau kansa ba.

Idan tambaya ta fito a kan haɗarin da ke tattare da faɗaɗa kamfani, ku rubuta wannan ƙarƙashin haɗarin doka da siyasa, ku sa shekarar da adadin ƙananan hukumomin. Malamai na son adadi.